Tsakanin Gaya da Gayya

Samarin Filinge, barkanku da hutawa! Ku matso, inuwar ba ta uban kowa ba ce. Kai mai hula a karkace, gyara zama, ba kasuwar Bonkuku kake ba. Kun daɗe kuna jan rigata in ba ku labarin Dahome. To yau za ku sha shi, da tsakin da dusar duka. Amma wanda yaz zo don dariya kaɗai shi kwashi rabi shi tahi, sauran rabin ba shi haɗiyuwa.

Kun san ni, Magagi, bakina ya riga ƙafata zuwa ko'ina. Shekara biyu bayan fara ta cinye mana hatsi, lokacin da har yanzu ɗacin anza, abincin yunwa, bai bar maƙogwaronmu ba, ni ne sarkin samarin unguwarmu. Ba ƙarfi yab ba ni sarautar ba, kun ga dai hannuna, awa sillen kara. Surutu ne. Ran nan gardi, ɗan sandan Nasara, yaz zo bisa doki yac ce kumandan na kiran sarakunan samari na kowane kanto, wato ƙasar kowane sarki, taro a Yamai. Tsofaffi sunka ɓata rai. Ni ko har na ɗaure wando.

Kwana biyar munka yi a Yamai, mu wajen arba'in, daga Kurfai ƙasarmu, daga Imanan, daga Tondikandiya, har da na ƙasar Doso. Anka koya mana tsayuwa a layi da taka ƙafa, an-de, an-de, kamar zabi sun ga shaho. Anka ba mu shinkafa da nama sau biyu a yini. Wallahi ranar farko sai da na kwance mazagi. Wani anasara saurayi mai tabarau shi ke yi mana magana kowace safiya. Wai mu ne manyan gobe. Wai shugaba shi ke cin abinci a ƙarshe, shi ke shan ruwa a ƙarshe. Nic ce ma na kusa da ni, wannan bai taɓa zama gaban akushi da Kurfayawa ba.

Na kusa da nin nan Tahiru ne, sarkin samarin Damana, Bazabarme dogo mai shiru. Duk ba'ar da nake mishi sai shi ce, "Bakurfaye, bakinka zai sai da kai wata rana, kuma da araha."

Rana ta huɗu kumandan da kanshi yaz zo. Tafintanshi wani tsohon soja ne Bambara, Hausarshi a bariki yak koye ta, duk ta yi gudaji. Kumandan yay yi magana mai tsawo, tafinta yat taƙaice.

"Kumandan ya ce akwai aikin Gaya. Mutane can suna cikin wahala, ana son a taimake su. Wa ke da samari?"

Ni abin da kunnena yaj ji shi ne aikin gayya. Kun san gayya. Yini guda, ganga na tashi, a kashe gona kafin la'asar, a sha fura, a ci tuwo, ƴan mata na guɗa, kowa shi kwana ɗakin uwarshi. Kuma gayyar kumandan? Ai sai dai a yanka sa. Kafin kowa shi motsa na miƙe.

"Gayya? Ranka shi daɗe, mu Kurfayawa mu munka haifi gayya! Ni kaɗai na kawo goma sha shida!"

Kumandan yay yi murmushi. Yak kira ni gaba, yar rataya mini jan ƙyalle a kafaɗa, yab ba ni wani ɗan abin busa na ƙarfe, sifile suke ce mishi. Yac ce kowa shi dube ni, ga shugaba. Anka yi tafi. Kaina yak kumbura har hula ta matse.

Muna hita, rana tsaka, Tahiru yaj ja ni bayan katanga.

"Kai, ka san Gaya kuwa?"

"Ni za ka koya ma gayya?"

"Gaya nic ce. Gari ne, can kudu bakin Isa, babban kogi. Tahiyar kwana goma sha biyar daga garinku. Daga nan a ƙetare da ku ƙasar Dahome. Wata uku."

 Kumandan na nan bai hau mota ba tukuna, ina hango shi. Taku ashirin ne tsakaninmu. In je in ce ranka shi daɗe kunnena ne yay yi ɓatan kai. Nid dubi jan ƙyallen nan. Nit tuna tafin.

Nic ce ma Tahiru, "Na sani mana. Gwada ka nake."

Ku riƙe wannan, don nan ne labarin yake. Na sani tun a Yamai.

Da nid dawo gida, na san in nic ce Gaya, wata uku, ana gab da damina, ko kare ba shi bi na. Sai nis sa Ibrah makaɗinmu yaɗ ɗauki ganga munka zaga unguwa da kiɗan gayya. Gayyar kumandan, da ɗan nisa, amma akwai sa. Kun san ba a ƙin kiran gayya a Kurfai. Wanda yaƙ ƙi, ranar da gonarshi ta fi ƙarfinshi, shi da hauyarshi ne kaɗai. Kafin maraice na samu goma sha biyar.

Na sha shida shi ne Tanko.

Tanko ɗan Inna Tambara. Ga gidansu can, mai tsamiya. Ubanshi da ƙannenshi biyu yunwar fara ta tahi da su, shi kaɗai yar rage mata, shi ne hannun gonarta. Mun yi kaciya rana ɗaya da shi. Mutum ne da ba shi da magana, in nay yi ba'a goma shi yi dariya ɗaya, amma wannan ɗayar ta fi mini ta kowa daɗi.

Inna Tambara ta tare ni a ƙofa da ludayi a hannu.

"Magagi, wace irin gayya ce cikin bazara? Mi za ku noma, rairai?"

"Inna, gonar Nasara ba ta jiran ruwa."

"Bakinka dai. Ka ga ɗana? Shi ke nan gare ni. Iri na nan cikin tulu, ban ci shi ba ko da yunwa ta so kashe ni. Ka maido mini shi kafin ruwan shuka."

"Da hannuna, Inna. Kafin hadari shi haɗu."

Munka tashi da kiɗa, wasu har da rigar salla. Tahiru kuwa mutum huɗu kaɗai yak kawo, su ma sarkinsu ne yas sa anka kamo su. Da munka haɗu a hanya yad dubi gangarmu, yad dube ni.

Kwana uku, ana tambayata ina gonar. Nic ce tana gaba. Kwana shida, Ibrah yad daina kiɗa. Kwana goma, takalma sunka tsinke, ba mai tambaya kuma, don gardawa biyu da bindiga suna bayanmu kuma kowa ya gane ba rakiya suke ba. Ranar da munka ga kogin, ruwa iyakar ganinka, wani mai jirgi yac ce mana, "Fofo, barkanku da zuwa Gaya."

Ibrah yat tsaya. "Mi kac ce sunan garin?"

"Gaya."

Sai yaz zauna ƙasa yaf fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. "Jama'a, kun ji gayyar Magagi! Kunnen jaki! Anka ce Gaya yaj ji gayya!"

Sunka zage ni, uwa da uba. Wani yaj jefe ni da takalmi. Amma zagin wawa sunka yi mini, ba na macuci ba. Ni ko nik karɓa hannu biyu. Har nit taya su, nic ce laifin Bambaran nan ne da harshenshi. A ranar suna Kunnen Jaki yab bi ni, kuma na ji daɗinshi, don ya fi sunan da yak kamace ni sauƙi.

Anka ƙetare da mu cikin jirage zuwa wata tunga ta Dandawa a ƙasar Dahome. Nan fa na ga abin da yas sa bakina yin sanyi. Kogin ya ci rabin garin a ambaliyar bara. Ɗakuna sun zube, rumbuna sun tahi, mutane na kwana ƙarƙashin zana. Aikinmu mu tada ganuwar ƙasa tsakanin gari da ruwa tun kogi na ƙasa, mu kuma gyara mashigar jirgi, wadda ita ce ainihin abin da yad dami Nasara. Kwando a kai, laka har gwiwa, tun hantsi har rana ta yi ja. Ni ke busa sifile a fara, ni ke busa a tashi.

Mutanen garin ba su da abin ba mu, amma sun bayar. Akwai wata tsohuwa, Habsa, mai ƴar Hausa kaɗan ta kasuwa. Kullum sai ta kawo mana kifi busasshe a ƙwarya tana cewa, "Ɗiyan mutane, ɗiyan mutane." Kuma maganar anasaran nan mai tabarau da nay yi ma ba'a, ita nid dawo ina yi. Ba don ya burge ni ba. In anka aje abinci ba ni iya kai hannu sai kowa ya ƙare. Sunka ɗauka hali ne na shugaba. Kunya ce.

Wata na biyu kurkunu yaf fito ma Tanko a idon sawu. Kun san yadda ake da shi. A kama kan a naɗe a tsinke, kullum a ja kaɗan, a hankali, kamar ana lallashin amarya. In yat tsinke a ciki, ka shiga uku. Habsa ta naɗe mishi, tac ce kada shi taka laka. Nij je wurin babban gardi.

"Ranka shi daɗe, mutum ɗaya ba shi da lafiya."

"Shina numfashi?"

"Shina yi."

"To shi ɗau kwando."

Na yi mishi duk dabarar bakin da Allah yab ba ni. Na yi ba'a, na yi kirari, na ce ni in ɗauki kwando biyu. Yac ce kwando biyu na kai biyu ne. Bakin da yak kwaso mutum goma sha shida daga Filinge yak kasa sama ma mutum ɗaya hutun kwana uku.

Kwana na biyu cikin laka Tanko yaz zame, tsinken yak karye, kurkunu yat tsinke. Kafin Juma'a ƙafar ta zama turmi.

A makon nan ne kuma ruwa yas sauka. Can kudu ruwa na riga namu da wata guda. Munka tsaya cikin laka muna kallon hadari na wucewa bisa kanmu, shina yin arewa.  Kowa na lissafin kwanan da zai kai gonar ubanshi.

Tanko na kwance a rumfar Habsa. Da azahar nij je nis same shi, ƙuda na bin ƙafar. Na shirya ba'a uku a hanya, ko ɗaya ba ta hito ba.

"Tanko."

"Kunnen Jaki."

"Kunnena lafiya lau yake. Tun a Yamai nis san Gaya ce. Na san wata uku ne. Nis sa anka buga muku gangar gayya."

Bai ko juyo ba. Shina kallon rufin rumfa.

"Na sani. Tahiru ya gaya mini tun satinmu na biyu."

"Kuma ba ka ce komi ba?"

"Ina jira in ga ranar da bakinka zai gaji da ɗaukar ƙaryar. Ya daɗe. Ya fi ƙarfin da nake zato."

"Ka zage ni mana."

"Da wane ƙarfi? Kore mini ƙudan nan."

Niz zauna ina korar ƙuda. Wallahi da bulala ce ta fi mini.

Ganuwa ta ƙare bayan kwana goma sha biyu. Gardi yac ce gobe da safe kowa shi kama hanya, wanda ba shi iya tahiya shi zauna har shi iya ko shi mutu, ba ruwan kumandan. Kuma mai sifile shi zai kai mutanenshi Filinge, can za a ba shi takardar yabo. Nic cire ƙyallen da sifilen nim miƙa ma Ibrah.

"Kai su gida. In kun isa, ku buga gayya a gonar Inna Tambara."

Ibrah yad dube ni sama da ƙasa. "Gayya? Daga bakinka? Magagi, ko Allah ya sa gaskiya kake, wa zai hito? Kowa gonarshi na can tana jira. Ni dai na yi mata abin da nis samu."

Tanko yac ce in bi su, in je in shuka mata da kaina, ya fi mata amfani da zamana. Na juya maganar yini guda. Gaskiya gare shi. Amma ƙafar na wari, Habsa tsohuwa ce, ba ta iya ɗaga shi ko zuwa bayan gari. Kuma ni dai na ce da hannuna. Niz zauna. Har yau ban san ko don shi niz zauna ba, ko don tsoron shiga Filinge in haɗa ido da ita.

Kwana ashirin da shida muna nan. Habsa ta tsaga ƙafar da aska, ta matse, ta sa ganye. Ni ke riƙe shi in shina ihu, ni ke goya shi, ni ke wankin tsumma. Na koyi jan taru don mu samu abin ci. A idona kogi yat taso, yaz zo yad daki ganuwarmu, yat tsaya. Mutanen garin sunka hito suna kallo, mata na kuka. Aikin dai ya yi, ba ni ce muku bai yi ba. Da za mu tashi sunka haɗu sunka ba mu jaki, Habsa ta ɗaura mana kifi, ta dafa kaina tac ce, "Ɗan kirki." Nic ce a raina, Inna, ba ki da labari.

Tanko bisa jaki, ni a ƙasa, munka yi arewa. Duk inda munka wuce hatsi ya tsiro. A ƙasar Doso ya kai ƙugu. Nic ce namu ai baya yake. A Damana ya kai gwiwa. Nid daina magana.

Mun shigo Filinge ta gefen gonarsu. Gonakin mutane kore shar, an yi noman fari. Tata kuwa, kusurwa ɗaya ce da ta shuka da kanta, sai wani ɗan yanki da Ibrah yay yi mata yini biyu. Sauran duk ciyawa. A shekarar nan, ku tambayi yayyenku, ba a buga gayya ko ɗaya a unguwarmu ba. Duk wanda yaj ji ganga sai shi shige ɗaki. Gonarmu ko, ƙannena sun shuke ta tsaf.

Kafin mu kai ƙofa Tanko yak kama hannuna. "Kada ka gaya mata. Ta rasa da yawa. Bar ta da wannan."

Ban gane ba sai da ta hito. Labari ya riga mu. Wai Magagi ya yar da takardar kumandan don ɗanta. Wai Magagi ya goya shi a baya. Ta rungume Tanko, ta shafa ƙafar, sa'annan ta juyo ta kama fuskata da hannu biyu.

"Ɗana. Ka ce da hannunka, ga shi da hannunka. Kunnenka ne yac cuce mu, ba zuciyarka ba. Allah shi yi maka albarka."

Ta dama mini fura da ɗan hatsin da yar rage mata. Nish sha. Har ƙasan ƙwarya nish sha, tana tsaye tana kallona.

Shekara biyu ke nan. Ƙafar Tanko ta sandare, kun gan shi da sanda, ba shi ƙara riƙe hauya. Saƙar zana yake a gindin tsamiya. Ni ke noma gonarsu kafin tamu, hatsinmu na waccan shekara ma rabi can nik kai. Kowa na cewa Magagi ya girma, tahiya ta gyara shi. Inna Tambara ba ta cin abu mai daɗi ba ta aiko mini ba. A bakin rijiya in anka taɓa ni, ita ke tashi da faɗa. Shekaranjiya tac ce in Allah ya ba Tanko ɗa, sunana za a sa.

Wannan ne yak kasa wuce mini.

Jiya nic ce ma Tanko ba ni iyawa kuma, sai na gaya mata gaskiya. Yac ce, "Kai za ka ji sauƙi, ita ta ɗauka. Ko yanzu ma kanka kake yi ma."  Wataƙila gaskiya gare shi, ya saba.

Amma ga shi na gaya muku, ku ashirin, kuma na san bakunanku, ni nir raine su. Gobe kasuwa, kafin a watse ta ji. Gara ta ji gare ni. Daga nan in nit tashi, gidan mai tsamiya za ni, yanzu tana tsakar gida tana sussuka.

Kai mai hula, ka daina dariya tun ɗazu. To ku gaya mini kafin in miƙe. Tsohuwa ta sa maka albarka bisa ƙarya, ɗanta ya ce ka bar ta da ita. Da ku ne, mi za ku yi?